Kwamfutar Da Aka Hana Sanin Shekara

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a kan tabarma. Kai Ɗanliti, da kai nake, na ga hannunka a aljihu. Magana na kawo muku wadda ta raba kan dattawan gari guda, kuma in na kai ƙarshe ba mai tashi sai ya faɗi abin da ya gani.

Akwai wani gari da ake kira Kwarin Ɗinya. Sunan ma ya gaya muku a cikin kwari yake. A samansa akwai madatsar ruwa, wani ƙaton tudu na ƙasa da duwatsu da aka tare kogi da shi. Da ruwan nan suke noman rani, albasa da tumatir da shinkafa, a cikinsa suke kamun kifi. Amma duk wanda ya kwanta a garin ya san akwai ruwa a saman kansa.

Madatsar tana da ƙofofi uku na ƙarfe. In damina ta yi nisa, ruwa ya cika, sai a ɗaga su a rage shi, ya bi rafi ya wuce ta gefen gari. In ba a rage ba zai haura tudun, tudun ƙasa kuwa da zarar ruwa ya haura shi zaizayewa yake yi ya fashe. Injin lantarki ne ke ɗaga ƙofofin, injin kuma ba ya jin maganar kowa sai ta wata tsohuwar kwamfuta da ke cikin wani ɗan ɗaki a kan tudun. Da can akwai ƙaton sitiyarin ƙarfe da ƙarti ke murɗawa da hannu in ta ɓaci, amma ɓarayi suka kwance shi suka sayar wa 'yan gwangwan a kilo. Allah ya isa tsakaninmu da su.

Kwamfutar nan fara ce a da, ta koma kalar haƙorin mai cin goro. Allonta irin mai ƙaton ƙeyar nan ne. Windows XP ce a kanta, wadda ku yaran yanzu ko ganinta ba ku taɓa yi ba. Kamfanin da ya haɗa manhajar buɗe ƙofofin ya daɗe da rushewa. An gwada ɗora manhajar a kan sababbin kwamfutoci, ta ƙi hawa. Rubutun cikinta kuma wani yaren Turawa ne da ba Ingilishi ba, ko malaman makarantar garin ba su iya karanta shi.

Mai kula da ita wani dattijo ne, Baba Jatau, mutum marar yawan magana. Yana da wata al'ada da ake yi masa dariya a kai. Duk Juma'a kafin ya sauko masallaci sai ya mayar da kwanan watan kwamfutar baya. Duniya ta yi ta tafiya, amma a ɗakin Jatau kullum ana cikin shekarar 2008. Dalili kuwa, manhajar da wa'adi aka sayo ta. Injiniyan kamfanin na ƙarshe, ranar da zai tafi, ya ja Jatau gefe ya ce masa kada ya taɓa bari ta san shekarar ta wuce, in ta sani za ta kulle kanta. Jatau bai gaya wa kowa wannan ba. Gani yake abin ya yi kama da ha'inci, kuma kunya yake ji a ce mutumin da ke sahun farko yana yi wa ko da na'ura ce ƙarya duk mako.

To, damina na tsakiya Allah ya jarrabe shi da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Mai gari ya duba wa zai riƙe makullin ɗakin kafin a ga yadda jikin zai yi, sai ya ba ladanin garin, Malam Isiyaku, don ba wanda ya kai shi amana. Aikinsa kawai ya kaɗe ƙura ya duba ko abin na kunne.

Ga inda matsalar take. Malam Isiyaku tsohon mai kula da lokaci ne a wata masaƙa, kuma mutum ne da ba ya iya ganin agogo ya yi kuskure ya wuce. Ya shiga gidanka gaisuwa, ka juya ka kawo masa ruwa, ka dawo ka tarar ya sauke agogon bangonka yana saitawa. Da ya ga kwanan watan nan a kusurwar allo, ransa ya sosu. Ya ce bawan Allah yana kwance, ai ko wannan ya gyara masa ya samu lada. Ya yi bisimilla ya gyara.

Nan take wani jan akwati ya fito a allon, komai ya tsaya cak. Ya mayar da shekarar baya, ina! Manhaja ta riga ta ji labari. Ya shiga kashewa da kunnawa daga bango, janareta na ta kuka, har sai da ya ji ƙaurin roba, allo ya yi baƙi ƙirin. A waje kuma ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ga labari daga ƙauyukan sama cewa nasu ya fi haka.

Hankalin gari ya tashi. Akwai sandar awo a cikin ruwan mai jan fenti a kusa da kanta, kowa ya san in ruwa ya rufe jan nan sai dai addu'a. Mai gyaran wutar garin ya gwada haɗa wa injin wuta kai tsaye, injin ya yi gurnani, birkinsa ya ƙi saki, don sai kwamfuta ta ba shi izini. Aka buga wa ofishin ruwa waya, suka ce gada ta karye, motarsu ba ta da hanya. Aka kwashe mata da yara zuwa makarantar firamare da ke kan wani tudu daban. Amma rumbuna fa? Gidaje fa? Ga kuma wasu ƙauyuka a ƙasa, waɗanda ko tudun gudu ba su da shi. Wallahi ko yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Baba Jatau yana da 'ya'ya uku. Babban shi ne Haladu, ɗan acaɓa, bai yi karatun boko ba. Mai bi masa Azumi, tana da shagon ɗaukar hoto a bakin kasuwa, ita ce ta san kan kwamfuta a garin. Autansu Ilu masunci ne, magidanci, shi ke jinyar uban tun ranar da ya faɗi.

Azumi ce ta kwance bayan kwamfutar ta duba. Ta ce babban farantin ciki, wanda masu gyara ke kira bod, ya ƙone. Kuma ba kowane bod ne zai yi ba. Katin da ke magana da injin ƙofofin yana shiga wani dogon baƙin rami ne a jikin bod ɗin, irin wanda aka daina yi tun tuni, ko tsohuwar kwamfutar shagonta ba ta da shi. Sai birni, in ma an dace.

Haladu ya ce shi zai je. Ta dube shi ta rasa yadda za ta kwatanta masa abin. Sai ta zaro kara daga dannin gidan mai gadi, ta karya shi daidai tsawon ramin, ta sa masa a aljihu. Ta ce duk bod ɗin da ya ga baƙin ramin da ya yi daidai da karan nan, ya ɗauko. Ya bi ta hanyar daji, ya tsallake mashigi tun ruwan na iya gwiwa, ya isa kasuwar kwamfuta a birni jiƙe sharkaf. Ya yi ta shiga shago yana fita, yana zaro karansa. Samarin kasuwar suka yi ta ƙyalƙyala dariya, wani ya ce masa, “Baba, wannan ai sai dai ka tambayi kakanninmu.” Ya mayar da karansa aljihu ya yi gaba. Daga ƙarshe wani ya yi masa kwatancen filin 'yan gwangwan, inda ake farfasa tsofaffin na'urori a cire tagulla. Ya hau tsibin ƙarafa yana tono da hannu, yana gwada kara a kan duk abin da ya zaro, yatsunsa na jini. Yamma ta yi sosai kafin ya samu guda ɗaya tal da ya yi daidai, a ƙarƙashin ƙafar wani da ya riga ya ɗaga guduma.

Ya naɗe shi cikin leda kan leda, ya sa a bokiti mai murfi. Washegari da ya iso mashigi ruwa ya kai ƙirji, yana tafe da itatuwa. Ya ɗora bokitin a ka, ya riƙe da hannu ɗaya, yana tura babur da ɗayan. A tsakiya ruwa ya fizge shi. Ya ga hannu ɗaya ba zai riƙe bokiti ba, hannu ɗaya kuma ba zai riƙe babur ba. Babur ɗin nan da shi yake ciyar da iyalinsa, ba shi da wata sana'a. Ya sake shi. Ya iso gari a ƙafa, ba takalmi, da tsaga a ƙwauri, kuma ko shi bai sani ba ko abin da ya ɗauko yana da rai ko matacce ne.

Azumi ta karɓa ta haɗa. Aka kunna, sai fankar cikinta ta juya, allo ya kawo haske. Mutanen da ke bakin ƙofa suka yi kabbara, ita kuwa ba ta ɗago kai ba, don ta san aiki bai ma fara ba. Kowace kwamfuta tana da rumbunta, wani ƙarfe kamar sandar sabulu, inda take ajiye komai. Rumbun Baba Jatau manhajar cikinsa ta kulle, kuma Azumi ba ta isa ta goge shi ba, don a ciki ne awon ƙofofin yake, wanda sai an kwafo shi. Dole a samu wani rumbun, irin na da mai faffaɗar waya, a zuba komai sabo. A duk faɗin garin guda ɗaya ne, yana cikin tsohuwar kwamfutar shagonta, cike maƙil.

Ku ji abin da ke ciki. Hotunan bikin aure da suna na rabin garin, wannan ɗaya. Sannan Azumi ta taɓa haihuwar 'ya ɗaya tilo, Hajjo, zazzaɓi ya ɗauke ta tana fara magana. Duk hotunan yarinyar nan suna cikin rumbun, har da wani ɗan bidiyo da take dariya tana kiran Umma. Babu wurin da za a juye su, ko da akwai ma juyewar za ta ci rabin yini, ga mai kallon sanda yana ta ƙwala kira cewa ruwa ya taɓa gindin jan fenti. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata za ta goge komai. Waɗanda ke wurin sun ce ta daɗe yatsanta na kan maɓallin. Ta danna.

Ta ɗauko faya-fayen da Baba Jatau ke ajiyewa a gwangwanin biskit, ta fara zuba Windows. Abin nan ku sani ba ya gaggawa don kowa, wani shuɗin layi ne ke rarrafe. Ya kai tsakiya ya tsaya, faifai ya karce. Ta aika aka kawo makilin, ta goge bayan faifan da gefen mayafinta, ta mayar, ya wuce da ƙyar. Kafin ta taɓa manhajar ƙofofin ta sa aka kira Malam Isiyaku, ta ce, “Malam, wace shekara ka tarar?” Ya faɗa yana share hawaye da hannun riga. A nan ne ta gane abin da ubansu ya yi shekara da shekaru yana ɓoyewa. Ta mayar da agogo 2008, ta zuba manhaja, ta sa kwamfutar ta gane katin, ta kwafo awon ƙofofin daga tsohon rumbu. Manhaja ta buɗe.

Sai ga maɓallai reras cikin yaren da ba mai ji. Kowa a garin ya san abu ɗaya, in aka fara sakin ƙofar gefe da ƙarfi, ruwan zai cinye gindin tudun, a jawo abin da ake gudu da hannu. Wane maɓalli ne na wace ƙofa? Nawa ake ɗagawa? Azumi ta ɗauke hannunta daga linzamin kwamfutar ta ce iyakarta ke nan.

Aka ɗauki hoton allon a waya aka ruga wa Baba Jatau da shi. Ya ƙura ido, bai ga komai a ɗan ƙaramin gilashin ba. Ballantana kowane maɓalli aka danna wani shafin yake buɗewa, sai a wuni ana hawa ana sauka. Ga shi kuma ilimin Jatau ba a baki yake ba, a hannu yake, ko da yana da lafiya da wuya ya iya faɗa maka sai dai ya nuna.

Ilu na durƙushe a gefen gadon. Shi ke yi wa tsohon wanka, shi ke ba shi kunu a cokali, shi kaɗai ke gane abin da motsin idonsa ke nufi. Kuma a gabansa malamin asibiti ya ja kunne, kada a motsa shi, kada sanyi ya taɓa shi, kada a gaya masa abin da zai tayar masa da hankali, in ciwon ya sake bugawa ba lalle ya tashi ba. Ilu ya sallami kowa daga ɗakin. Ya gaya wa uban komai, bai rage ba. Shi dai Ilu ya ce tsohon ya damƙi wuyan rigarsa da hannun hagu ya ja shi wajen ƙofa. Ba wanda ya ga wannan sai shi.

Ya goya shi da zani kamar jariri, ya lulluɓe shi da tamfol, ya fita cikin ruwan. Matakalar tudun ta yi santsi, ya hau da ƙafa da gwiwa, numfashin tsohon na ƙara a kunnensa. Azumi ta tare bakin ƙofa.

“Ilu, kashe shi za ka yi?”

“Yaya, matsa. Ruwa ya kai rabin ja.”

Ta matsa. Ya zaunar da uban a kan cinyarsa a gaban allo. Hannun da ya san aikin ya mutu, na hagun kuma rawa yake yi, bai iya riƙe linzami. Sai Ilu ya ɗora nasa hannun a kan linzamin, ya ɗora na uban a sama. Tsohon ya tura, Ilu ya bi. Tsohon ya matse, Ilu ya danna. Sau ɗaya kibiyar da ke kan allo ta zarce kan wani maɓallin, tsohon ya yi wani gurnani da ya sa kowa ya daskare, Ilu ya dawo da ita. Suka fara da ƙofar tsakiya, kaɗan. Ba abin da ya motsa. Mai gari ya dafe kai. Can sai aka ji ƙarfe ya yi wani dogon kuka a ƙarƙashin ƙafafunsu, ɗakin ya girgiza, ruwa ya ɓarke ta ƙasa da rugugi. Tsohon bai saki hannun ba sai da suka jira, suka ƙara, suka buɗe ta dama, sannan ta hagu, kowace daidai gwargwado.

Kafin la'asar jan fenti ya fito fili. Kwarin Ɗinya ya tsira, ƙauyukan ƙasa suka tsira, ko akuya ba a rasa ba. Baba Jatau kuwa zazzaɓi ya rufe shi tun a ranar, ciwon ya sake bugawa, bai ƙara mako ba a duniya. Allah ya jiƙansa.

Bayan an share makoki ofishin ruwa suka ce za a kawo sabon tsari, amma ba su sa rana ba. Kafin nan tsohuwar kwamfutar nan ce dai za ta ci gaba da riƙe ran gari. Mai gari ya rantse ba zai sake yarda hannu biyu su taɓa ta ba, mutum ɗaya, makulli ɗaya, kuma daga gidan Jatau. Nan gardama ta kaure.

Wasu suka ce Haladu, don ba don shi ba da babu abin da za a kunna, kuma mutumin da ya saki abincin 'ya'yansa ya riƙe bokiti ba zai gudu ya bar madatsa ba. Aka ce musu to, amma ko sunansa bai iya karantawa a allo. Wasu suka ce Azumi, don ƙarfen da Haladu ya kawo gawa ne sai da ta sa masa rai, kuma abin da ta goge ba kasuwar da ake sayo shi. Aka ce haka ne, amma da ta kai gaban maɓallan ai ɗauke hannu ta yi, kuma da an bi tata da ba a shigo da tsohon ba. Wasu suka ce Ilu, don aikin 'yan uwansa duka da ya tashi a banza, kuma yanzu hannunsa kaɗai ne a duniya ya taɓa bin hanyar nan. Aka ce sau ɗaya ya bi ta, in kwamfutar ta lalace bai san ko ina ake kwancewa ba, kuma har yau akwai masu cewa tsohon bai ja rigar kowa ba. Azumi na cikinsu. Tun ranar jana'iza ba ta ƙara shiga gidan Ilu ba.

Makullin yana aljihun mai gari, hadari kuma ya fara haɗowa a gabas. To, ku ɗauka gidanku na cikin kwarin nan, 'ya'yanku na kwance a ciki, ruwa na sama. Tsakanin Haladu da Azumi da Ilu, wa ya fi cancanta ku damƙa wa makullin, ku koma ku rufe ido?